Idon Iya Ige da Takardar Sawun Zabo

Iya Ige, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa ganin fuskata ba, amma wannan bai hana ta cewa ni mummuna ne ba. Tun kafin a haife ni cutar yana ta rufe mata idanu biyu, abin da ya rage mata kawai shi ne ta bambance haske da duhu. Idan na ce, "Iya, ƙaƙa kinka sani, alhali ba ki gani na?" sai ta ce, "Muryar kyawawa ba haka take ba, maigidan. Ni dai an cuce ni da anka ba ni kai." Wasan kaka da jika ne, amma ni a lokacin har zuciya nake ɗaukarsa, in zagaya in leƙa fuskata a cikin randa.

A Faru muka tashi, ƙasar Maradun. Da damina, da zarar an yi Magariba an ci tuwo, sai Iya ta sa a haɗa mata wuta a ƙofar ɗakinta, a zuba ɗanyen ganyen darbejiya a kai, wai don hayaƙi ya kori sauro. Sauron Faru kuwa ba a taɓa sanar da shi wannan shiri ba. Mu ne muke tari muna hawaye, shi yana cin abincinsa cikin natsuwa. Mukan zauna mu bakwai ko takwas a tabarma ɗaya, kowa da tarin ɓawon gyaɗa a gabansa, ita tana kan 'yar kujerarta da sanda a gefen ƙafa. Mun sha canza wuri don mu ruɗa ta, ba mu taɓa cin nasara ba. Takan bi mu da sandar ɗaya bayan ɗaya, ta ce wancan dogon duhun Saratu ce, wancan dunƙulallen Bello ne. Idan ta zo kaina sai ta ce, "Kai ko, Lawali, kai na duhun da ba shi zama wuri guda."

Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa nan bakin zaure." Mu ce, "Ta shigo, an yi mata shimfiɗa." Ta ce, "Kun aje mata goro?" Mu ce babu. Ta ce, "Tau, ta shigo hakanan, ta san gidan matsiyata tat taho."

Tatsuniyoyin Iya suna da hali ɗaya da muka gano tun muna ƙanana: ko da me aka fara, da tsohuwa za a ƙare, kuma ita ce za ta yi nasara. Kura ta sha kunya a hannun tsohuwa, ɓarayi sun sha, har wani aljani ya taɓa ba tsohuwa haƙuri. Amma wadda ta fi zama a kaina ita ce ta ɗakin maigari.

Wani maigari ne ya gina ɗakin baƙi, ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa, ya kira wata gwanar zane ta zuba masa ado: zabi a jere, ƙadangaru, tsani, da wata da taurari. Da damina ta kama, matan gidan suka mayar da ɗakin madafa, saboda nasu yana yoyo. Hayaƙi ya bi bangon ya yi yadda ya ga dama, nan ya yi baƙi ƙirin, can ya yi ruwan toka, can kuma bai taɓa ba. Ana nan sai ga saƙo cewa surukan maigari suna tafe nan da kwana uku, ga shi gwanar zanen ta riga mu gidan gaskiya. Hankalinsa ya tashi, ya ce a nemo masa masu kaifin ido su daidaita masa bangon ba tare da an taɓa zanen ba.

Aka kawo maharbin da ke hango kwarkwata a kan shaho yana sama, aka kawo maɗinkin da ke zura zare a allura yana bisa jaki jakin yana gudu. Suna shiga, maharbi ya ce wannan zabuwar ƙafarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Maɗinki ya ce ai ba zabuwa ba ce, agwagwa ce. Suka yini guda suna wannan gardama. Washegari maharbi ya ɗauki tsumma ya hau goge inda ya fi baƙi, ya goge hayaƙin, ya haɗa da zabi biyu da jelar ƙadangare. Wurin ya yi fari fat, har gefensa ya koma kamar shi ne baƙin, sai maɗinki ya bi gefen da nasa tsumman. Idan Iya ta zo nan takan tsaya ta yi dariya har sai ta yi tari, ta ce, "Ido gare su, ɗiyana, ido hal ya yi musu yawa!"

A rana ta uku sai ga wata tsohuwa mai yana a ido, wadda ba wanda ya gayyace ta, ƙanshin miyar baƙi ne ya jawo ta. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Mi kuke wa gardama? Ni ban ga zabuwa ba, ban ga agwagwa ba. Saniya nig gani kwance a bango, baƙa, kanta wajen murhu, wutsiyatta wajen taga." Aka yi mata dariya, amma maigari ya ce a bar ta. Ta bi bangon da sanda tana cewa nan ne ƙirjin saniyar, a shafa farar ƙasa sau uku, nan cikinta, sau biyu, nan wutsiya, sau ɗaya, can kuma kada a taɓa. Aka ba yara gashin kaza suna tsomawa suna bi tsakanin zanen a hankali. Kafin la'asar bango ya zama launi ɗaya daga ƙofa har ƙurya, zabin da suka tsira daga maharbi suka fito ras. Aka ba tsohuwa cinyar akuya da ƙwaryar goro.

Sai Iya ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Nan baƙuwa tat tashi, wanda bai ƙoshi ba shi bi ta da gudu." Idan muka tambayi darasin, amsarta ɗaya ce: duk wanda ya ga tsohuwa mai yana a ido, ya kai mata cinyar akuya. Mun daɗe muna zaton abin da tatsuniyar ta ƙunsa ke nan, kuma ina zargin ita ma rabin nufinta ke nan.

Iya ta rasu ina aji biyu a sakandare. Na girma, na buɗe ɗan shago a Talata Mafara kusa da tasha, ina buga takardu, ina fotokwafi, ina gyaran hotuna a kwamfuta. A unguwarmu ana ganina a matsayin wanda ya san komai, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen musanta hakan ba. Na kai har ina sa tabarau na ƙara gani, wanda ya ƙara mini kwarjini ƙwarai.

Wata Talata, ranar kasuwa, sai ga Gwaggo Hajo, ƙanwar babana da ke aure a Bakura. Bayan mun gaisa mun tambayi kowa har da awaki, ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata takarda a naɗe cikin leda uku. Zanen hula ne da kakanmu, mijin Iya, ya yi da fensir da hannunsa, wanda a gidanmu ake kira sawun zabo. Sana'arsa ke nan, zana wa mata hula su ɗinka, amma wannan zanen bai taɓa ba kowa ba sai matarsa. Hular ƙarshe da Iya ta ɗinka da shi kafin idonta ya rufe, Baba ya gada, ya sa ta har ta zama zare, ba a ko gane adon jikinta. Gwaggo ta ce so take ta ɗinka masa sabuwa kafin Babbar Sallah, amma zanen ya yi mata ƙanana, in ƙara masa girma in buga mata a farar takarda. Ta ce, "Lawali, wagga takarda ita kaɗai ta a duniya. In ta ɓace, sawun zabo ya ɓace." Na ce, "Haba Gwaggo, wanga ai aikin minti biyar na." Ta ce za ta dawo wata Talatar.

Takardar ta yi shekaru a soke a jinkar ɗakin Iya, gefe ɗaya a ciki, gefe ɗaya a waje yana shan hayaƙin darbejiya. Don haka ta hagu ta yi kalar ƙuli-ƙulin da ya ƙone, ta dama ta yi ruwan madara, tsakiya kuma duhun yana raguwa a hankali, ba tare da wata iyaka da za ka ce ga ta ba. Na shimfiɗa ta a sikana, na danne da hannu saboda murfin ya karye tun bara, hoton ya shiga kwamfuta. Daidai nan wasu mutum huɗu suka shigo da gaggawar hoton fasfo. Na zare takardar na ajiye a kan benci.

To ina da wata al'ada. Duk takardun da suka lalace a shago nakan tara su a kan wannan bencin, da yamma in miƙa wa Tumba mai ƙosai da ke suya a bakin ƙofata, ta riƙa naɗe wa masu saye. Ran nan ma da hannuna na tattara na miƙa mata, har tana sa mini albarka. Can anjima na ce ta ba ni ƙosai mai zafi. Na ci uku, ina cikin lashe yaji sai na ga wasu 'yan ƙafafu masu yatsu uku-uku suna kallona ta cikin mai.

Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na ce, "Tumba, ina sauran wagga takarda?" Ta ce, "Wace? Mai kalar ƙasa? Ai ta yi daɗin yagewa, gida huɗu niy yi mata. Guda na hannunka, guda wani direba ya tahi Gusau da ita, guda wata mata, guda ko na hura wuta." Ta ga yadda na yi tsaye, sai ta ƙara da cewa, "In kana da irinta ka kawo, tana shan mai da kyau."

Abin da ya rage na sawun zabo a duniya shi ne hoton da ke cikin kwamfutata, da wani ɓalli mai yaji. Na buɗe hoton na aika wa firinta, ta fito mini da takarda rabinta baƙi kamar gindin tukunya. Na koma manhajar gyaran hoto na ƙara haske. Gefen hagu ya washe, zanen ya fito, amma na dama ya ɓace ɓat, ya zama fari babu ko ɗigo. Na rage haske, dama ta dawo, hagu ta nutse. Na raba hoton biyu na gyara kowane gefe daban, sai wani layi ya fito a tsakiya kamar an ɗinke riga da yadi biyu. Daga nan na ɗauki kilina, wato abin gogewa na cikin manhajar, na ƙara girman hoton har zare ɗaya ya cika allo, na shiga bin tsakanin layuka da maus. Kwana huɗu ina wannan. Na goge duhu, na haɗa da yatsun zabi ba adadi. Allah ya taimake ni ina da hoton farko a ajiye daban, kullum sai in watsar in sake daga farko. Matata ta ce ko a barci hannuna yana motsi a kan katifa.

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana ɗaya Gwaggo ta zo, idanuna suka yi jajir. Na cire tabarau na ajiye, na je bakin ƙofa na tsaya ina tsara ƙaryar da zan yi mata. Na fara da gobara, na ga shagon yana nan lafiya. Na koma kan ɓarayi, na ga ba ɓarawon da zai bar janareta ya ɗauki tsohuwar takarda. Ina cikin haka na waiwaya na kalli allon kwamfutar daga nesa, ba tabarau. Zanen duk ya ɓace mini, ban ga layi ko ɗaya ba. Abin da na gani wani dunƙulen duhu ne a kwance, mai kauri ta hagu, ya yi tozo a sama, ya sirance ta dama. Wallahi saniya ce. Har na ji ƙaurin darbejiya a hancina.

Kwana huɗu ina maharbi ban sani ba. Na koma na zauna, na yi wa hoton kwafi na ɗora a kan na asali. Akwai wani abu a manhajar da ke dusashe hoto, wanda ban taɓa amfani da shi ba sai wajen ɓoye ƙurajen fuskar amare. Na ja shi a kan kwafin, na ci gaba da ja har layukan fensir suka narke gaba ɗaya, ya rage duhu da haske kawai, wato saniyar ita kaɗai. Sannan na nemo wani umarni da aka taɓa nuna mana wajen koyon aiki, wanda ban gane amfaninsa ba a lokacin: ka sa kwafin sama ya daidaita hasken na ƙasa gwargwadon duhunsa. Inda saniyar ta yi kauri a ƙara haske da yawa, inda ta sirance a ƙara kaɗan, inda babu ita a bar wurin. Na danna. Takarda ta yi fari daga wannan gefe har wancan, sawun zabo ya fito a jere, ko yatsa ɗaya bai ɓace ba. Na ɗan ƙara wa layukan baƙi. Aikin bai kai minti biyar ɗin da na yi wa Gwaggo alkawari ba. Na yi wata kabbara da ta sa Tumba ta leƙo da matsami a hannu tana tambayar ko haihuwa aka yi.

Talata Gwaggo ta zo. Na ja gaisuwar iya ja, har na tambayi lafiyar maƙwabtanta da ban sani ba. Sannan na miƙa mata zanen a babbar takarda. Ta kai shi kusa da fuska sosai, tana bi da yatsa tana ƙirgawa a hankali. Ta daɗe, sannan ta ce, "Shi na. Hannun Baba na." Ta naɗe, ta miƙo ɗayan hannun ta ce, "Tau, ba ni tsohuwar."

Na buɗe aljihun tebur na fito da ɓallin mai yaji, na faɗa mata gaskiya tun daga benci har direban Gusau. Ta karɓe shi daga hannuna. Ta shinshina ɓallin, ta kama kunnena na dama, ni da nake da 'ya'ya uku, ta murɗa shi a gaban wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo fotokwafi. Ta ce, "Gadon ubana kac ci da yaji?" Na ce, "Uku kawai nic ci, Gwaggo." Ta ƙara murɗawa.

Da ta huce ta zauna, ta ce in nuna mata yadda aka yi hayaƙin shekara da shekaru ya fita. Na ba ta labarin ɗakin maigari, ashe ita ma an yi mata shi tana yarinya, da cinyar akuyar da komai. Na buɗe mata hoton saniyar a allo, wanda ba komai a cikinsa sai duhu da haske. Ta dube shi daga inda take zaune, ba ta ko matso ba. Ta ce, "Wanga kam na gane shi sarai. Haka nike ganin tsakar gidana yanzu da sahe." Na juyo na dube ta da kyau, abin da ban yi ba tun zuwanta na farko, sai na ga ɗan farin da ya fara taruwa a ƙwayar idonta. Zanen bai yi ƙanana ba, idon ne yake tafiya, shi ya sa take gaggawar hular. Ta ce, "Kak ka hwaɗa ma ubanka sai na gama." Sai na sa Tumba ta kawo mata ƙosai. Gwaggo ta ce a zuba mata a kwano.

Ta gama hular saura kwana biyu Sallah. Baba ya sa ta ya je Idi, ya dawo ya ƙi cirewa har wajen fiɗar rago. Bayan Sallah na kai Gwaggo asibiti aka duba idon, aka ce irin wanda ake cirewa ne, ba kamar zamanin Iya ba. Aka yi mata aikin, ranar da aka kwance mata bandeji ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe Iya ba ta yi ƙarya ba a kan fuskata.

Yanzu idan wani aiki ya cushe mini, a shago ko a gida, nakan cire tabarau in koma bakin ƙofa in dube shi daga can. Sau da yawa ina tsaye ne a kan ƙafar zabuwa, saniya guda tana kwance a gabana ban gan ta ba. Amma ba wannan ne ya fi taɓa ni ba. Hoton dusasshen nan ban goge shi ba, na ajiye shi da sunan Iya. Shekara goma sha ina zaune a gaban matar nan, ina zaton wasa take idan ta kira mu duhu, ban taɓa tunanin yadda muke a idonta ba sai da kwamfuta ta nuna mini. Abin da take da shi ke nan na jikokinta, kuma da shi ta san wanda bai ci tuwo ba da wanda aka doka ya yi shiru. Ina kewarta ƙwarai. Wani lokaci idan ba kowa a shago nakan buɗe hoton in zuba masa ido, ina neman wani ɗan duhu a gefen tabarma wanda ba ya zama wuri ɗaya.